Shin 'yan leƙen asiri ne suka hana 'yan tawayen Ailan cin Kanada da yaƙi?

Wani mai karatu ya aiko da wannan tambaya: "Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin tarihi ne, kuma a wani darasi an ambata mana a gurguje cewa wasu 'yan asalin Ailan sun taɓa kai wa Kanada hari daga Amurka, har ma wai saboda su ne Kanada ta kafa 'yan sandan cikinta na farko. Abin ya ɗaure mini kai. Mene ne haɗin mutumin Ailan da Kanada, alhali da Ingila yake faɗa? Kuma shin da gaske leƙen asiri ne ya karya su, ko kuwa dama can ba su da ƙarfin yin wani abu?"

Ɗan'uwa, tambayarka kashi biyu ce: me ya sa mutanen da ke neman 'yancin wani tsibiri a Turai suka ɗauki bindiga suka tsallaka kogi zuwa Kanada, sannan wane rabo 'yan leƙen asiri suke da shi a faɗuwarsu. Na daɗe ina koyar da tarihin daular Birtaniya a ƙarni na 19, kuma na shafe lokaci mai tsawo ina karanta kwafin rahotannin da 'yan rahoton gwamnatin Kanada suka rubuta da hannunsu a wancan zamani. Abin da na fahimta shi ne, leƙen asiri ya gaza a shekarar da aka fi bukatarsa, wato 1866, ya kuma yi nasara a 1870 lokacin da ƙarfin abokan gaba ya riga ya ragu, amma inda ya fi barin tabo shi ne a cikin gida, a kan 'yan ƙasar Kanada da suka fito daga Ailan.

Me ya kai su Kanada

Mutanen da ake magana a kansu su ne 'yan Feniyan. Asalinsu ƙungiya biyu ne masu manufa ɗaya, waɗanda aka kafa a 1858: ɗaya a Dabalin ƙarƙashin James Stephens, ɗaya kuma a Niyok ƙarƙashin John O'Mahony, wanda ya aro sunan daga wasu mayaƙa na tatsuniyoyin Ailan. Manufarsu ita ce a fitar da Ailan daga hannun Birtaniya da ƙarfin makami a kafa jamhuriya. Ba za a gane zafin zuciyarsu ba sai an tuna da yunwar da ta afka wa Ailan tsakanin 1845 da 1852, lokacin da cuta ta lalata dankalin Turawa, wanda shi ne cimar talaka. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura, alhali ana ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga tsibirin. Kanada ma ta ga wannan masifa da idonta, domin a tsibirin Grosse Île da ke kusa da Kebek, inda ake killace masu shigowa, an binne fiye da mutum 5,000 a shekarar 1847 kaɗai. Yaran da suka tsira daga waɗannan jiragen ruwa su ne suka zama samari a Amurka lokacin yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, kuma wajen 150,000 daga haifaffun Ailan sun yi aikin soja a rundunar Arewa. Yaƙi ya ƙare, aka sallame su da gwanintar faɗa, da yawansu kuma babu aikin yi.

Shirin farko shi ne a tura waɗannan mutane Ailan. To amma a watan Satumba na 1865 'yan sanda suka kai samame ofishin jaridar ƙungiyar a Dabalin suka kame shugabanni, bisa bayanan wani ɗan rahoto mai suna Pierce Nagle da ke aiki a cikin ofishin. Ga shi kuma teku a hannun jiragen yaƙin Birtaniya yake, babu yadda za a yi a tsallake da dubban sojoji. A nan ne ƙungiyar ta Amurka ta rabu biyu. Ɓangaren William Roberts, wanda Janar Thomas Sweeny ke riƙe masa harkar yaƙi, ya ce ga Kanada, ƙasar Sarauniyar Ingila, nan a bakin iyaka, tafiyar dare ɗaya a jirgin ƙasa. Idan aka kama wani yanki nata, ana iya yin garkuwa da shi a nemi 'yancin Ailan, ko a tilasta wa Birtaniya kwashe sojoji daga Ailan, ko kuma, abin da suka fi fata, a haddasa yaƙi tsakanin Birtaniya da Amurka. Wannan fata na ƙarshe ba shirme ba ne. Amurkawa suna cike da fushi da Birtaniya saboda jiragen yaƙin da aka ƙera a Ingila aka ba 'yan Kudu, musamman jirgin Alabama da ya yi ta nutsar da jiragen kasuwancin Arewa, kuma 'yan siyasar Amurka suna bukatar ƙuri'un 'yan Ailan. Lissafinsu ya ginu ne a kan cewa gwamnatin Washinton za ta kau da kai, kuma a kan wannan zato ne komai ya tsaya ko ya rushe.

Yadda leƙen asirin ya fara

Akwai gyara kaɗan a abin da aka gaya maka. Ba don 'yan Feniyan aka fara kafa 'yan sandan cikin ba. A ranar 19 ga Oktoba 1864 wasu sojojin 'yan Kudu na yaƙin basasar Amurka da suka fake a Kanada suka tsallaka suka yi fashi a bankunan garin St. Albans na jihar Vermont, abin da ya kusa jawo wa Kanada fushin Washinton. Don a nuna ana ɗaukar mataki, John A. Macdonald, wanda a lokacin shi ne antoni janar na Kanada ta Yamma, ya naɗa wani ɗan asalin Sikotlan mai suna Gilbert McMicken ya shugabanci wata ƙaramar rundunar 'yan sandan iyaka masu farin kaya, aka kuma ba Frederick William Ermatinger irin wannan aiki a ɓangaren Kebek. Da yaƙin basasa ya ƙare, sai aka juya akalar rundunar zuwa ga 'yan Feniyan. Bayan ita, akwai ƙananan jakadun Birtaniya a biranen Amurka, musamman Edward Archibald a Niyok, wanda ofishinsa ya zama wurin da masu sayar da labari ke zarya.

Idan mutum ya zauna ya karanta rahotannin ma'aikatan McMicken, abin da zai fara lura da shi shi ne cewa yawancinsu ba ƙwararru ba ne. Tsofaffin sojoji ne da 'yan sanda, waɗanda aikinsu shi ne su zauna a mashaya da tashoshin jirgin ƙasa da bakin tafki a garuruwa irin su Buffalo da Detroit da Shikago, su kasa kunne, su rubuto abin da suka ji. Takardun suna nan da rubutun hannu mai wuyar karantawa, wani na ba da labarin akwatunan bindigogi da ya ga ana saukewa, a layi na gaba kuma yana roƙon a aiko masa da kuɗin masauki. Ina yawan nuna wa ɗalibai cewa wannan layi na biyu shi ne mabuɗin fahimtar na farko. Mutumin da abincinsa ya rataya a kan ci gaba da barazana ba zai taɓa rubuto cewa gari lafiya ba. Su kuwa 'yan Feniyan ba sa ɓoye baki: suna taro a fili, suna sayar da takardun lamuni da sunan Jamhuriyar Ailan, suna da babban ofishi a tsakiyar Niyok, kuma kowane mai jawabi yana rantsuwa cewa hari ya kusa. Saboda haka abin da ya addabi Macdonald shi ne ambaliyar labari, da rashin hanyar rairaye tsakuwa daga cikin tsaba.

Shekarar 1866

A watan Maris na wannan shekara rahotanni suka yi yawa cewa za a kawo hari ranar 17 ga wata, ranar bikin waliyyin 'yan Ailan. Gwamnati ta kira sojojin sa-kai 10,000, sai 14,000 suka fito, aka bar gonaki da shaguna, aka kashe kuɗi mai yawa, ranar ta zo ta wuce babu abin da ya faru. A watan Afrilu ɓangaren O'Mahony, don kada a bar shi a baya, ya tara ɗaruruwan mutane a Eastport ta jihar Maine da nufin kama tsibirin Campobello na New Brunswick, wani yankin Birtaniya da ke iyaka da Maine. Wannan karon labarin gaskiya ne kuma ya iso da wuri, jiragen yaƙin Birtaniya suka taru a wurin, hukumomin Amurka suka ƙwace makaman, aka watse ba a yi wani abin kirki ba. A hanya ma an tare jirgin ƙasa a garin Cornwall aka kama Michael Murphy, jagoran 'yan Feniyan na Toranto, da wasu mutanensa ɗauke da makamai.

Wannan nasara ita ce ta zama tarko. An gaji da ihun ƙarya, an kuma ga yadda yunƙurin Campobello ya wargaje, sai McMicken da na sama da shi suka ɗauka cewa magana ta ƙare. Sojojin sa-kai sun koma gida. A ƙarshen watan Mayu jiragen ƙasa suka fara sauke ƙungiyoyin maza a Buffalo, suna cewa su leburori ne masu neman aikin hanyar dogo. An ga wannan, an kuma rubuto shi, amma an riga an saba da irin wannan rahoto, don haka sai ranar 31 ga Mayu aka sake kiran sojoji. Kafin asubahin 1 ga Yuni, Kanar John O'Neill, tsohon hafsan dawaki a rundunar Arewa, ya tsallake kogin Niagara da wajen mutum 1,000 ya kama garin Fort Erie.

Washegari, 2 ga Yuni, aka haɗu kusa da ƙauyen Ridgeway. Waɗanda suka zo tare shi sojojin sa-kai ne daga Toranto da Hamilton ƙarƙashin Laftanar Kanar Alfred Booker, akasarinsu samari ne, ma'aikatan kanti da ɗaliban jami'a, da yawansu ba su taɓa harba harsashi na gaske ba. Duk da haka sun yi ta matsawa gaba cikin gonaki da shinge na wani lokaci, har sai da aka hangi wasu 'yan mahaya, aka ɗauka rundunar dawaki ce ta taho. Aka busa ƙaho cewa a dunƙule a yi sahu mai kusurwa huɗu, wanda shi ne tsarin da littafin soja ya tanada don tare dawaki. Babu wata rundunar dawaki. Abin da ya faru shi ne an tara samari wuri ɗaya a tsakiyar hanya a gaban bindigogin mutanen da suka yi shekaru huɗu suna yaƙi. Umarni ya ci karo da umarni, sahu ya karye, 'yan Feniyan suka biyo su da banati. Sojojin Kanada 9 suka rasa rayukansu a sanadin wannan faɗa, cikinsu har da ɗaliban jami'ar Toranto. Duk lokacin da na zo wannan wuri a aji nakan tsaya, domin waɗannan yara sun biya farashin rahoton da aka karanta aka ajiye a gefe.

To me ya hana O'Neill ci gaba bayan ya yi nasara? Jirgin yaƙin Amurka mai suna Michigan ne ya tare kogin, ya hana dubban da ke jira a Buffalo tsallakowa, ya kuma yanke masa hanyar samun abinci da albarusai. Da ya ga sojojin Birtaniya na matsowa, sai ya janye cikin dare, aka kama shi da mutanensa a tsakiyar kogi. A ranar 6 ga Yuni Shugaba Andrew Johnson ya fitar da sanarwar haramta harin, Janar George Meade kuma ya bi iyaka yana ƙwace makamai. Wani ayari da ya shiga ta Pigeon Hill a Kebek ya koma bayan 'yan kwanaki. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa a 1866 Washinton ce ta karya su. Ta yi jinkiri, ta kuma yi musu sassauci daga baya, har ta biya wa da yawa kuɗin jirgin komawa gida, amma da ta bar kogin a buɗe na mako guda, da labarin ya sha bamban, ko da yake ban ga yadda za su iya riƙe ƙasar na dogon lokaci ba.

Tasirin harin a siyasa ya zama akasin abin da suka nufa. A New Brunswick, inda masu adawa da haɗewar yankunan Birtaniya suka ci zaɓe a 1865, tsoron da Campobello ya jefa ya taimaka wa masu goyon bayan haɗewa suka ci zaɓen 1866. A ranar 1 ga Yuli 1867 aka kafa tarayyar Kanada da larduna huɗu, Macdonald ya zama firayim minista. Ba 'yan Feniyan ne suka haifi tarayyar ba, domin an riga an tsara ta a tarukan 1864, amma sun ba masu ita hujjar da talaka zai iya gani da idonsa.

Abokin gaba na cikin gida

Nan ne maganar ta fi nauyi a wurina. A ƙidayar 1871 'yan asalin Ailan sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Kanada, kuma mafi yawansu 'yan Furotesta ne, da yawa daga ciki 'yan ƙungiyar Orange masu tsananin biyayya ga sarautar Ingila. 'Yan Katolikan su ne marasa rinjaye, kuma su ne ake zargi. Akwai 'yan Feniyan na gaske a cikinsu. A Toranto sun fake a cikin ƙungiyar taimakon juna ta Hibernian, wadda aka kafa a 1858 bayan an kashe wani ɗan Katolika a rikicin ranar bikin waliyyinsu, akwai kuma rassa a Montiriyal da Kebek da Otawa. Yawansu bai kai a ce su ne al'ummar ba, amma da ɗan gari kan ci gari, kuma tsarin Sweeny ya tanadi cewa na ciki za su yanke wayoyin tangaraho su lalata gadoji idan hari ya zo. Gwamnati tana da dalilin damuwa. A watan Yuni na 1866 majalisa ta dakatar da dokar da ke hana tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, aka kuma riƙa buɗe wasiƙun waɗanda ake zargi a gidan waya.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Macdonald ya yi taka-tsantsan fiye da yadda magoya bayansa suka so. Ya ja kunnen majistarori game da kame barkatai, kuma fursunonin harin 1866 da kotu ta yanke wa hukuncin kisa, cikinsu har da wani limamin Katolika mai suna John McMahon, ba a rataye ko ɗaya ba, an mayar da hukuncin ɗauri a kurkukun Kingston. Ya san cewa gawa ɗaya a kan igiya za ta fi jawabi dubu tara wa 'yan Feniyan kuɗi da mabiya, ya kuma san yana bukatar ƙuri'un 'yan Katolika. Lissafin siyasa ne, amma lissafi ne da ya ceci rayuka.

Mutumin da ya fi kowa zafi a kan 'yan Feniyan shi ma ɗan Katolikan Ailan ne, wato Thomas D'Arcy McGee. Shi kansa tsohon ɗan tawaye ne, domin ya shiga yunƙurin 1848 a Ailan, ya tsere zuwa Amurka, ya ga irin wulaƙancin da ake yi wa 'yan Katolika a can, sannan ya koma Montiriyal a 1857 ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara tarayyar. Hujjarsa ita ce 'yan Katolikan Ailan sun sami a Kanada abin da ba su samu a Ailan ko Amurka ba, har da makarantunsu na addini da doka ta amince da su, kuma 'yan tsirarun da ke wasa da wuta za su ƙona rumbun kowa. A lokacin zaɓen 1867 ya wallafa abin da ya sani game da 'yan Feniyan na Montiriyal a jarida. Ya ci zaɓen da ƙyar, amma da yawa daga mutanensa suka ɗauke shi mai tona asirin 'yan'uwa, wanda a al'adar siyasar Ailan babu zagin da ya fi shi muni.

A daren 7 ga Afrilu 1868 majalisa ta yi zama har bayan ƙarfe 2 na dare. McGee ya fito ya taka da sandarsa zuwa masaukinsa a titin Sparks da ke Otawa, ga farin wata, ya sunkuya yana sa mabuɗi a ƙofa, sai aka harbe shi a ƙeya daga kusa. An yi jana'izarsa a Montiriyal ranar 13 ga Afrilu, ranar da zai cika shekara 43. Cikin kwana guda aka kama wani tela mai suna Patrick James Whelan, aka sami ƙaramar bindiga a jikinsa. Shari'ar tana da abubuwan da har yau suke damun masu nazari: shaidar da ya ce ya ga harbin mutum ne da ake ganin ladan da aka sa ya ja hankalinsa, wani ɗan sanda ya ba da shaidar abin da ya ce ya jiyo Whelan yana faɗa a kurkuku, firayim minista da kansa ya zo ya zauna kusa da alƙali, sannan alƙalin da ya yanke hukuncin ya sake zama cikin waɗanda suka saurari ɗaukaka ƙarar. An rataye Whelan ranar 11 ga Fabrairu 1869 a gaban dubban mutane. Kafin mutuwarsa ya ce yana wurin kuma ya san wanda ya yi harbin, amma ba shi ba ne. Ra'ayina shi ne yana da hannu a maƙarƙashiyar, amma shaidun da aka gabatar ba su isa su tabbatar da cewa yatsansa ne ya ja kunamar bindigar ba, kuma takardun da suka rage ba su nuna cewa shugabannin Feniyan na Amurka ne suka ba da umarnin ba. Bayan kisan an tsare mutane da dama na tsawon watanni ba tare da shari'a ba, cikinsu har da Patrick Boyle, editan wata jaridar 'yan Ailan a Toranto. A wannan shekarar ta 1868 aka kafa rundunar 'yan sandan tarayya, McMicken kuma ya zama ɗaya daga shugabanninta. Ita ce aka haɗe da 'yan sandan dawaki na yamma a 1920, daga cikinsu kuma aka cire hukumar leƙen asiri ta farar hula a 1984. Sai dai kada a ɗauka layin miƙaƙƙe ne, domin bayan 1871 aikin leƙen asirin ya yi sanyi na shekaru masu yawa.

Mutum ɗaya a wurin da ya dace

Abin da ya bambanta 1870 da 1866 mutum ɗaya ne. Sunansa na yanka Thomas Beach, Bature ne haifaffen Colchester a Ingila a 1841. Ya zauna a Faris, ya tafi Amurka a 1861 ya shiga rundunar Arewa da sunan Henri Le Caron, yana cewa shi Bafaranshe ne. Bayan yaƙi ya saba da O'Neill, ya riƙa ba mahaifinsa labarin abin da yake ji a wasiƙa, mahaifin ya kai wa ɗan majalisarsu, daga nan maganar ta kai ga gwamnati. A 1867 aka ɗauke shi aiki, wani jami'in gwamnatin Birtaniya mai suna Robert Anderson yana kula da shi daga Landan, aka kuma haɗa shi da McMicken. Ya shiga ƙungiyar, O'Neill ya yarda da shi ƙwarai, har ya ɗora shi a kan aikin rarraba makamai a maɓoya a bakin iyaka. Ma'ana, mutumin da ke ɓoye bindigogin shi ne ke aika wa Otawa bayanin inda suke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce ƙungiya mai ƙarancin kuɗi da yawan rikici, wadda shugabanta ke ƙishin samun mutum guda mai ƙwazo da ba ya jayayya da shi.

O'Neill ya tsayar da 24 ga Mayu 1870, ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya, don fara hari daga Vermont. Mutanen da suka zo ba su kai yadda ya zata ba. A ranar 25 ga wata, da suka tsallaka iyaka a Eccles Hill, sai suka tarar manoman yankin masu ɗaure da jan ƙyalle, waɗanda suka sayi bindigoginsu da kuɗinsu, tare da sojojin sa-kai, sun riga sun hau tudun sun ɓuya a bayan duwatsu. Aka buɗe musu wuta, harin ya tsaya nan take, ba a kashe ko mutum ɗaya daga ɓangaren Kanada ba. Shi kuwa O'Neill wani jami'in kotun tarayyar Amurka ne ya kama shi a bayan fage ya sa shi a keken doki ya tafi da shi. Bayan kwana biyu aka fatattaki wani ayari a Trout River. Yunƙurin ƙarshe a watan Oktoba na 1871, a Pembina kan iyakar Manitoba, mutum 'yan gommai ne kawai, kuma sojojin Amurka ne suka kame su.

A nan leƙen asiri ya yi aikinsa sosai, amma ko a nan sai an yi awo da hankali. Shugaba Ulysses Grant ya fito da sanarwar haramta harin tun ranar farko, Paparoma ya la'anci ƙungiyar a watan Janairu na wannan shekara, tsofaffin sojojin 1866 kuma da yawa sun yi aure sun sami sana'a. Sannan a 1871 Birtaniya da Amurka suka sa hannu a yarjejeniyar Washinton da ta warware rikicin Alabama, wadda ta rufe ƙofar yaƙin da 'yan Feniyan ke fata, ko da yake Amurka ta ƙi yarda a saka batun diyyar ɓarnar da hare-haren suka yi wa Kanada. Akwai kuma iyakar abin da takardu za su iya nuna mana. Yawancin abin da ake maimaitawa game da bajintar Le Caron daga bakinsa ya fito, a littafin tarihin rayuwarsa, kuma ɗan leƙen asirin da ke ba da labarin kansa ba ya rage wa kansa girma. Inda maganarsa ta dace da wasiƙun da ke cikin takardun Macdonald, kamar batun maɓoyar makamai da lokacin hari, ina karɓa. Inda shi kaɗai ne shaida, kamar da'awarsa cewa shi ya hana igwar 'yan Feniyan aiki a Eccles Hill, ina ajiye ta a matsayin da'awa. Su kuma 'yan Feniyan na cikin Kanada, kusan duk abin da muka sani game da su ya zo ne ta alƙalamin waɗanda ake biya don su sa musu ido, domin mai rantsuwar sirri ba ya barin littafin rajista.

Le Caron ya ci gaba da aikinsa har kusan shekara 20 bayan Eccles Hill. Ya zauna a jihar Illinois yana aikin likita, ya shiga ƙungiyar Clan na Gael da ta gaji 'yan Feniyan, yana aika rahoto Landan. Sai a watan Fabrairu na 1889 ya tsaya a gaban hukumar da ke binciken ɗan siyasar Ailan Charles Stewart Parnell ya bayyana ko shi wane ne, daga nan ya rayu a ɓoye ƙarƙashin tsaro har ya mutu a Landan a 1894. O'Neill, wanda Grant ya yi wa afuwa bayan 'yan watanni a kurkuku, ya koma tsugunar da iyalan 'yan Ailan a gonakin Nebraska, inda wani gari ke ɗauke da sunansa har yau. Ya rasu a 1878, shekara 11 kafin duniya ta san ko wane ne amininsa da ya damƙa wa makaman.